Ɗanyen Itacen Gizago

Masassaƙin da ake kira Gizago sau ɗaya ya taɓa ja da matarsa a kan sana'arsa, kuma bai ji da daɗi ba. Kujera ya sassaƙa mata, tana zama kujera ta hau rawa. Ya ce daɓen ɗakin ne ya karkace. Baiwar Allah ta ɗauki kujera ta gwada a tsakar gida, ta gwada a madafa, ta gwada har gidan maƙwabta, sannan ta dire masa ita a gaba.

"Ka yi gaskiya, Malam. Duniya ce duk ta karkace, kujerarka kaɗai ce a miƙe."

Daga ranar ya mayar da gardamarsa kan itace, tunda shi ba ya ramawa. Turmi, taɓarya, ƙotar gatari, da su ya tsufa. Wa'azinsa ɗaya ne, har kajin gidan sun haddace: kada a sassaƙa ɗanyen itace, don in ya tashi bushewa zai tsage, ya murɗe, ya ba ka kunya.

Shekarar da matar ta rasu, iska ta kayar da bishiyar da take zama a gindinta tana yi masa tsiya. Mai wa'azi ya kasa jira. Itace na zubar da ruwa ya hau shi da sara. Kujera ya nufa, wadda za ta tsaya daram ko sau ɗaya ne. Sai ya ci karo da ƙulli a jikin itacen, ya kauce masa, ya bi jijiyar itacen, ita kuma ta yi ta jansa inda ta ga dama. Abin da ya fito ba ƙafa, ba mazauni. Ga shi kullum sai ya sauya kama: yau ya sunkuya, jibi ya ɗaga kafaɗa, tsaga ta buɗe a gefe kamar baki.

'Yarsa ta ce kurciya ce. Ƙanwar marigayiya ta ce kaza ce da ruwa ya doka. Shi kansa Gizago yakan zagaya abin yana sosa ƙeya, kamar wani ne ya ajiye masa.

Da ɗansa ya zo ɗaukarsa don ya koma gidansa da zama, sai ɗan ya ce ɗaki ɗaya ne, ba wurin tarkace.

"Baba, a bar wannan a hura wuta da shi."

"Da shi zan tafi."

"To mene ne shi? Faɗi sunansa kawai, ni da kaina zan ɗora a mota."

Gizago ya gyara murya zai yi bayanin da bai da shi. Itacen ya yi ƙas, tsagar ta ƙara buɗewa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga ɗan.

"Sunansa dai ban sani ba. Amma ba ya zama yadda na ajiye shi, kuma ina magana yana katse ni. In kana da abin da ya fi wannan kama da uwarka, kawo mu yi musaya."