Ƙwallon da Bawa Bai Kama Ba

Wata Asabar ce a kakar shekarar da na maimaita aji uku, don malamai sun kasa rabuwa da ni, aka fara sa abokina Bawa tsaron gida a wasan ƙwallonmu. Ba gwaninta ta ja masa ba. Uwarsa, Bakambara mai faɗa da ta taso daga wajen Nasko, ta shanya masara a bakin filin makarantarmu, ta ce in akuya ta taɓa ko ƙwaya ɗaya kada ya dawo mata gida. Mu kuma mutum guda muke nema. Sai muka kwaso duwatsun da ke matsayin ragarmu muka dasa su dab da shanyar, Bawa ya tsaya a tsakani, ido ɗaya kan ƙwallon tsumma, ɗaya kan awaki.

Wanda ya saba tare akuyar Kontagora, me ƙwallo zai yi masa? Mukan dawo daga ɗibar ruwa da roron gyaɗa, ƙafa duk kaushi, in yi ta narka masa bugu har a kira magariba. Ni ne fa ɗan gaban da unguwa ke ji da shi, ko da yake shaidun duk sun rasu. Ban taɓa cin sa ba. In ya cafke sai ya ce, "Mamman, koma gida ka ci tuwo, ka dawo."

Na bar boko na kama gyaran keke, shi kuwa ƙungiyar gari ta ɗauke shi, aka yi ta yawo da shi a bayan mota, har ranar da wani ƙato ya taka masa kafaɗa. Da hannun ya ƙi ɗaguwa sosai, wata kwaleji ta ɗauke shi koyar da 'yan wasanta. Har yau yana sa su gadin shanya kafin ya ba su safar hannu. Duk Kirsimeti in na je cin shinkafarsa nakan tuna masa cewa akwai sauran bugu ɗaya tsakaninmu.

Bara na same shi a filin kwalejin, ga ciyawa, ga raga ta gaske. Ya miƙa wa wani ɗalibinsa sandar da yake dogarawa, ya shiga tsakanin turaku. Na buga wani bugu da ko kaza ba zai kora ba. Bawa ya gan shi sarai, na ga idonsa ya bi shi, amma jikin bai tafi ba. Ƙwallo ya gangara ta gefen ƙafarsa ya kwanta a raga. Yara suka yi ta tafi.

"To, ka ci," in ji shi, yana haki. "Sai ka bar ni in huta."

Filinmu na da yanzu shaguna ne, ba mai shanya a wurin, awakin ma an ɗaure su. Tun ina yaro nake roƙon Allah wannan ƙwallo, ya kuwa ba ni. Da ma Bawa ya kama.