Kiɗan Dutse da Kiɗan Ƙarfe

Shekarar da na shiga koleji a Madawa, yayana yana da teburin kaset kusa da tasha. Rediyo mai baki biyu gare shi, da batirin mota a ƙarƙashin tebur, yana ɗaukar kiɗa daga wannan kaset zuwa waccan. In an tashi daga lakkwal, wato makaranta, ni ke kai masa abinci, in zauna a bayansa ina naɗe zaren kaset da biron bik duk lokacin da rediyo ya tauna shi. Ba na magana. In mai saye ya gaishe ni, ƙafafunsa nake amsa wa. Har yau na fi tuna takalman mutanen Madawa da fuskokinsu.

Wata rana abokin Yaya, wani Kirista mai gyaran injin wuta a asibitin mishan, ya zo da kwalin sabulu cike da kaset. Wani saurayin nasara da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma gida. Sababbi ne, a shekarar nan aka aiko masa da su.

Yaya ya sa ɗaya. Shiru. Ya bubbuga rediyo, ya ƙure murya. Sai gita da ganguna suka faɗo gaba ɗaya, har mai tsiren da ke gefenmu ya saki wuƙa.

"Wanga ba kiɗi ba ne, haɗarin mota ne," in ji Yaya. Ya ɗaga kaset ɗin a rana yana dubawa. "Amma zaren na da kyau. Duk wadda ta kwana bisa teburin ga bayan kasuwa ta watse, sikoc zan liƙa mata in ɗora kiɗan gurmi."

Na san abin da yake nufi. A bayan kowace kaset akwai ƴan ramuka biyu. In an toshe su da sikoc, wato salatif, aka ɗora wani kiɗan, rediyo ya shafe abin da ke ciki, ba ya dawowa.

Kafin ranar kasuwa, duk lokacin da Yaya ya tafi masallaci sai in rage murya in manna kunne a rediyo. Sannu a hankali na gane ba haɗarin mota ba ne. Akwai wadda kiɗanta ke tafiya daidai sai ya tsallake taki ɗaya, kamar jaki mai ɗingishi, kuma kullum a wuri guda yake tsallakewa. Akwai wadda waƙa ɗaya ta cinye gefe guda. Akwai wadda mai waƙar ke ihu kamar kunama ta harbe shi, ita ban so ta ba. Akwai kuma wata mai ɗigon jan fenti a kusurwa, wadda ke farawa da sarewa irin ta makiyaya. Ita na tura can ƙasan kwali.

Nasaran ya rubuta kalmomi a jikinsu da hannunsa. Na nemi ma'anarsu a ƙamus ɗin Faransanci na ajinmu. Metal na sani, ƙarfe ne. Rok, ƙamus ya ce dutse. Purogiresif kuma, abin da ke tafiya gaba kaɗan-kaɗan. Na raba kwalin gida biyu, na gaya wa Yaya cikin raɗa cewa wannan kiɗan ƙarfe ne, wancan kiɗan dutse mai tafiya sannu. Ya yi dariya har ya riƙe tebur.

Ranar kasuwa da wannan ya riƙa kiran mutane, don tsokana. "Kiɗan ƙarfe! Kiɗan dutse! Ku zo ku ji abin da lakkwal ke koya ma ɗiyanku!"

Wani tsohon maƙeri daga wajen Bangi, da ya zo sayen pil na tocila, ya tsaya. Takalmansa na taya ne, duk tabon tartsatsi.

"Kiɗan ƙarfe? Mu ke da ƙarfe. Wa ya yi muna kiɗi ba mu sani ba?"

"Baba, tambayi malama, ga ta nan," in ji Yaya.

Baba ya miƙa hannu kan kaset mai ihun nan. Na san in ya ji ta zai tafi, kuma ba wanda zai sake tsayawa. Bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, ba wagga ba. Waccan. Mai gangarta da ƙafa biyu yake bugu, kamar guduma biyu na karɓa-karɓa. In ta yi shiru a tsakiya kada ka ce ta lalace, hutawa suke."

Aka sa. Baba ya karkata kai, yatsunsa na bin bugun a kan sandarsa.

"Nasaran ga ɗan maƙera ne, ko uwatai ta ɓoye mishi," ya ce. "Zugar dai ta yi yawa, gawayi zai ƙare. Ɗiyata, naɗe mini ita."

Wani direban kamiyo mai jigilar duwatsu a Keita, inda mata ke jera su don tare ruwa, ya turo kai. "Ni fa? Dutse nike ɗauka tun safe, ba ni da kiɗi?"

Na ba shi mai ɗingishin. Na ce za ta dace da hanyarsu, kuma ba sai ya juya ta ba kafin ya hau tudun Buza. Ya ce in ta yi ƙarya zai dawo ya kai ƙarata wurin mushenmu, malamin ajinmu. Wani mai injin niƙa ya ce shi yana son wadda za ta fi injinsa ƙara. Shi ya tafi da mai ihun, yana murna. Kafin la'asar muryata ta dishe, ni da ba a jin muryata ko a aji.

Da kasuwa ta watse Yaya ya zazzage kwalin. Ɗaya ta faɗo, mai jan fenti. Ban nuna wa kowa ita ba don kada a tafi da ita, ga shi kuma ita ce ta rage bisa tebur. Yaya ya ciro sikoc yana fito.

"Yaya," na ce, wannan karon fuskarsa nake kallo. "Ka ji ta tukuna. Ka yi haƙuri da farkon. Sarewa ce ita kaɗai, tana kira ba a amsa ba. Can gaba ganga za ta amsa mata."

"Yaushe? Bana?"

Amma ya sa. Ya zauna da guntun sikoc manne a babban yatsa. Sarewar ta yi ta kira. Mai tsire ya daina fifita wuta. Da gangar ta shigo, a hankali, na ga ƙafar Yaya tana motsi cikin silifas.

"Ta cika tsawo," ya ce da ta ƙare. Ya liƙa sikoc ɗin a gefen tebur. "Na ce wadda ta kwana bisa tebur. Ɗauke abinki daga teburina, malama, kafin a kira magariba."

Na sa ta cikin kwanon abincin da na wanke, na rufe. Ban yi nisa ba ya ƙwala mini kira.

"Gobe ki zo da ita! Ban ji ɗaya gefen ba."