Ranar da Baba Maude Ya Kai Inna Tsaskiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoban 2025, ana tsaka da girbin gero, labari ya zagaya Batsari cewa Baba Maude makanike ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ni Zuwairatu, 'yar maƙwabcinka marigayi Malam Yazid, na zauna zan rubuta maka ta'aziyya da hawaye, sai ga shi dariya tana ta katse ni. Laifin motar nan taka ne, Baba.

Wanda bai san ta ba, tsohuwar motar tsere ce ta Turawa, wadda ka gada daga mahaifinka, shi kuma wani Baturen gandun daji ya bar masa. Ƙafa biyu a gaba, ɗaya tak a baya. Ba rufi, ba ƙofa, ba ribas, wurin zama na mutum biyu. Injin yana waje tsirara a goshinta, totur kuwa a jikin sitiyari yake, da yatsa ake ja. In ka zauna ciki, sai ka miƙa hannu ka taɓa ƙasa. Ba ka da saurin fushi, amma duk wanda ya kira ta a-daidaita-sahu, ranar sai ya sha wa'azi har shayinsa ya huce.

Ka sha gaya mana halinta. Ba ta son tafiyar tsoro: in aka lallaɓa ta sai ta yi ta tari, in aka sakar mata sai ta miƙe tana kiɗa. Kuma ba a yi mata dabarar sauran motoci ta saka rami a tsakiya, domin ramin da ƙafafun gaba suka tsallake, ta bayan ce za ta faɗa ciki. Ƙugun fasinja ne ke ba da shaida.

Abin da ba zan manta ba ya faru a damina, shekarun baya kaɗan. Aka aiko daga Tsaskiya cewa Nana Hadiza, yayar mahaifiyata Inna Hansai, tana kwance, kuma sunan Inna take ta kira. Rabonsu da juna an daɗe, saboda rashin tsaro ya sa hanyar ta yi wuyar bi. Inna kuwa tun da ta karye a ƙugu ba ta iya hawa babur. Direbobin tasha duk suka ce laka ba za ta bari ba. Inna ta juya fuska bango, ta daina cin abinci.

Da safe sai muka ji rugugin injinka a ƙofar gida. Ka cika kujerar da matasan kai, ka ce motarka ba ta da nauyi, inda ta kasa sai a ɗauke ta. Aka zaunar da Inna kamar a kan tabarma. Ni da ƙanena Jamilu muka bi ku a babur.

Saboda ƙugun Inna, sai ka karya dokarka, kana tafiya a hankali. Motar ta fara tari, tana tsalle, tana neman mutuwa. Inna, wadda ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, ta juyo ta ce maka: "Maude, mi kake jira? Ni ciwon ke jikina, ba kai ba. Sake ta mu tahi!"

Ka sake ta. Ƙafafun gaba suka bi sawun amalanke, ta bayan ta hau tudun tsakiya, wutsiyar tana karkaɗawa hagu da dama, kai kana tare ta da sitiyari kana murmushi. Mayafin Inna ya cika da iska, tana riƙe da shi da hannu ɗaya tana ƙyaƙyata dariya. A bakin rafi manoma suka ajiye fartanya suka ɗauke ku cak, ku da motar, har ƙetare. Da ka wuce kwanar gidan Nana Hadiza, da yake ba ribas, samari suka ɗaga wutsiyar motar suka juya ta, Inna tana ciki tana sa musu albarka.

Mun tarar da Nana Hadiza da sauran ganewa. Ita da Inna suka riƙe hannun juna har la'asar, suna ta tsokanar juna kan wata akuya da ta ɓace tun suna 'yan mata. Kai kuwa kana gindin bishiya kana goge fulogi. Nana Hadiza ba ta kai ƙarshen daminar ba.

Da na shiga na gaya wa Inna rasuwarka, sai ta share ido ta ce: "Ya kai ni na ga tawa. Allah Ya kai shi inda zai ga nashi."

Amin, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Inna ga mai ɗakinka Hajiya Sauda, da 'ya'yanka Uzairu da Mutmainna, da dukan jama'ar Batsari. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.