Tikitin Jirgin Ƙasan Yayana

A shekarar da sojoji suka sake miƙa wa farar hula mulki, babu gidan da ya kai namu sauraron rediyo a Ƙofar Kwaya, kuma ba don siyasa ta dame mu ba. Yayana ne dalili. Ya tafi Jamus karatu tun ina makarantar kwana, ya gama, ya samu aiki, ya yi zamansa. Duk wanda ya tambaye shi ranar dawowa amsarsa ɗaya ce: sai sojoji sun sauka. To, ga shi sun sauka.

Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa, ko hotonsa aka kawo sai ta kau da kai ta ce a nuna wa yara. "Wancan" take ce masa. Amma a makon da aka rantsar da sabon shugaba ta sa aka kwashe tarkacen da ke cikin shagon kwanansa na bakin zaure, aka share, aka shafa farar ƙasa. Wai ɓeraye ne suka dame ta.

Idonta kuwa tafiya yake yi. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya mutu, na dama ma maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi. Ni ce mai ɗiga mata, da safe kafin in hau motar Batagarawa inda nake koyarwa a firamare, da yamma kuma in na dawo a gajiye. Kullum sai na ga baƙin idon ya ƙara dushewa, kullum sai ta ce mini da sauƙi.

Ba mu da waya. A duk layinmu maƙwabcinmu ne kaɗai ke da ita, wani mutumin Filato mai aiki a sakatariya. Yaya kan kira ran Lahadi bayan maƙwabtan sun taso daga coci, matar gidan ta leƙo ta katanga ta ƙwala mini kira. Wata Lahadi cikin damina na je na ɗauka. Muka gaisa, ya tambayi gida da ruwa da mutanen unguwa, sannan ya ce an ba shi hutun wata guda. Murna ta kama ni, na ɗauka gida zai zo.

Ashe tikitin jirgin ƙasa ya saya. Ya shiga yi mini bayani baki har kunne, ina jin dariyar a muryarsa. Tikiti ɗaya ne, in ji shi, amma da shi za ka ratsa ƙasashen Turai iya son ranka har wata ya cika. Sharaɗinsa guda: ba ya aiki a ƙasar da kake zaune, sai sau biyu kacal, ranar da za ka fita da ranar da za ka komo. In ka kuskura ka leƙo gida a tsakiyar tafiya, ka ƙona ranar komowarka. Don haka in ya fita, ba zai sake taka Jamus ba sai ƙarshen wata, kada in jira wayarsa.

Ni da ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, garinmu ko layin dogo babu, ina tsaye a falon mutane ana karanta mini dokokin tikiti. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Yaya, idon Inna hwa? Guda ya rage, shi ma tahiya yake."

"Ba kuna sa mata maganin da na aiko ba?"

"Muna sawa. Likita ya ce ba ya maido abin da ya tahi. In kana so ta gan ka, bana ne."

Wayar tana ta ƙara kamar ana soya gyaɗa. Can ya ce, "Ita ta ce in zo?"

Ya fi kowa sanin ba za ta ce ba. Ko da bakinta zai tsage ba za ta ce ba. Na faɗa masa haka, ya ce tikitin an riga an buga masa ranar fita, kuma gara a ga kamun ludayin farar hular tukuna. Baɗi, in Allah ya yarda.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake, da yatsu take gane tsakuwa, ba da ido ba. Ba ta tambaye ni komai ba, da ma ba ta tambaya. Yadda muka saba shi ne in zauna kusa da ita in yi ta ba da labarinsa kamar da bango nake magana, ita kuma ta yi kamar ba ta ji. A ranar cikin haushi na ba da labarin, ban rage komai ba, har dokar fita da komowa.

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ce, "Ƙasarshi kika ce ba ya aiki? Wace ƙasa ke nan?"

"Jamus, Inna."

Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da Lahadi ta zagayo sai ga Inna da mayafi, ta ce in kai ta ta gaida maƙwabta. Matar da ta shekara ba ta taka gidan ba! Aka ba ta kujera, ta laluba ta zaɓi wadda ke jikin teburin waya. Na raɗa mata cewa yana cikin jirage, ba zai kira ba. Ta ce, "Wa ya ce maki waya nake jira?" Matar gidan ta gane, ta kawo mata zoɓo ta zauna suna hirar tsadar gero a Babbar Kasuwa har aka kira la'asar. Haka muka yi duk Lahadin watan nan. Ni na gaji, na gaji da jan hannunta, na gaji da kallon wayar da na san ba za ta yi ƙara ba, amma ban iya hana ta ba.

Ranar da ya koma Jamus ya kira, na ruga gida in zo da ita. Ta ce ƙafarta na ciwo. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya mini baya. Ƙarfin halin da ta tara ya ƙare a kan kujerar mutane. Na koma ni kaɗai na saurari labarin duwatsu masu ƙanƙara.

Idon dama ya rufe bayan babbar salla. Yaya bai zo baɗin ba, sai wadda ta biyo ta. Ya durƙusa a bakin ɗakinta ya yi gaisuwa, ta amsa a taƙaice fuskarta a bango, yadda ta saba tun yana yaro. Da ya fita gaida dattawan unguwa, na tashi zan ɗauke kwanon ruwan da aka kawo masa, sai na ji ta riƙe mini zane.

"Ke," ta ce a hankali. "Ya yi hurhura?"

Na ce ya yi, Inna, har a gemu. Ta daɗe ba ta sake ni ba, sannan ta ce in zauna in faɗa mata ta wane gefe ta fi yawa.