Marlys Mai Awaki da Gwangwanin Lyle

A gonar da 'yan hipi, matasan da suka guje wa rayuwar birni, suka kafa a tsaunukan Mendocino, a farkon shekarun saba'in, babu shugaba, babu kwaɗo a ƙofa, babu doka ko guda. Abin da suke da shi kawai zaman ranar Lahadi ne. Bayan an ci wake da shinkafa sai kowa ya zauna a ƙasa, ludayin miya na katako yana zagayawa, wanda yake hannunsa shi ke magana. Ba a ƙirga hannu. Sai kowa ya yarda ake yin abu, mutum ɗaya ya ce a'a magana ta mutu. Sai dai wanda ya ce a'ar, shi zai ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya.

Marlys Odegaard ba ta cika riƙe ludayin nan ba, da ya iso gare ta sai ta miƙa gaba. Ita ce mai kiwon awakin gonar. 'Yar manoma ce daga Minnesota, doguwa mai faɗin tafin hannu, ta girmi yawancinsu. Tana aiki a wani gidan abinci a Texas aka kama ta da naɗi biyu na wiwi a aljihu, alƙali ya yanke mata shekarun da suka cinye ƙuruciyarta. A kurkuku ta fara ganin mai yi wa kansa allurar maye, a wurin da ya fi ko'ina katanga da masu gadi. Da ta fito ma daina shan wiwin ta yi, wai barci yake sa ta, awaki kuma da sassafe suke son tatsa.

Sauran kuwa suna sha, suna kuma da hujja. Gideon, mai gemu har ƙirji, shi ya fi kowa iya faɗarta. "Ganyen da ƙasa ta tsiro," yakan ce, "wane ɗan majalisa ne ya shuka shi da zai hana ni?" A wurinsu wiwi ganye ne, naman kaza mai sa gane-gane kuma ƙofa ce ta sanin kai. Amma farar hodar da ake narkawa a ɗura a jijiya, wannan gubar birni ce, ko sunanta ba sa son ji.

Sai ga Lyle Tackett, sojan da ya dawo daga Vietnam, siriri marar magana. Ya gyara musu famfon ruwan da ya gagari kowa, aka ba shi wurin kwana. Ba a daɗe ba Corinne, wadda ke da 'yar ƙaramar yarinya, ta tsinci sirinji a bakin rafi, daidai inda yara ke wasa ba takalmi.

Ranar Lahadi Corinne ta ajiye sirinjin a tsakiyar zama, kowa kuma ya san na Lyle ne. Gideon ya karɓi ludayi.

"'Yan'uwa, ba mu taɓa yin doka ba, yau za mu yi guda ɗaya. Babu allura a gonar nan. Wanda ya kawo, ya kama hanya. Lyle, ɗan'uwa, ba ƙinka muke ba."

Lyle ya sunkuyar da kai. Kowa ya san in ya bar nan titunan San Francisco zai koma, inda sa'o'insa ke mutuwa a bakin kwata. Ludayi ya zagaya, kowa ya ce ya yarda. Ya iso hannun Marlys, wannan karon ba ta miƙa shi ba.

"A'a," ta ce.

"Haba Marlys!" in ji Corinne. "Ƙafar 'yata fa?"

"Gaskiyarki, 'yar'uwa. Ƙafar 'yarki ta fi duk surutunmu. Daga yau ba za ki sake ganin allura a ƙasa ba, a wuyana." Ta juya wajen Gideon. "Kai kuma Malam Gemu, jiya da bakinka kake zagin masu hana ganyenka. Yau ka samu wanda ka fi ƙarfi, har ka fara magana irin ta alƙalina. Saura a ɗinka maka baƙar riga."

Wasu suka tuntsire da dariya. Gideon ya ce, "Ganye daban, guba daban."

"Na sani. Na ga waɗanda ta kashe, kai labari ka ji. Kuma duk a inda aka hana ta na gan su."

"To kin san al'ada. Ke za ki ɗauke shi."

"Da ma tatsa ta yi mini yawa," ta ce, ta miƙa ludayi.

Ta haura da Lyle bukkarta da ke saman tudu, kusa da garke. Suna shiga ya ciro wani gwangwanin taba, hodar da allurar na ciki, ya miƙa mata.

"Ɓoye shi, ko ki zubar. Kada ki gaya mini inda yake."

Marlys ta karɓa, ta ɗora a kan katakon da ya tokare rufi, inda yaro ba zai kai ba amma babba na miƙa hannu zai taɓa.

"Ga shi nan, soja. Naka ne, ban hana ka ba. In za ka yi, ka yi a gabana, kada ka mutu a bayan daji ban sani ba. Da safe kuma akwai tatsa."

Waɗanda suka riƙa kai musu abinci sun daɗe suna ba da labarin abin da suka gani. Lyle yana kwance da rana tsaka saboda rashin hodar, gumi ya jiƙe bargo, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, yana amai, yana zaginta da duk zagin da ya koyo a bariki. Gwangwani na sama da kansa yana kallo. Marlys na zaune a bakin ƙofa tana tace madara, ba ta tsare hanya ba, ba ta yi masa wa'azi ba. In ya lafa ta ba shi ruwa da zuma. Sau biyu ya miƙe ya sauko da gwangwanin. Ta zauna a gefensa da yatsunta a wuyan hannunsa tana jin bugun jininsa har ya farfaɗo, sannan ta dafa allurar ta mayar inda take. Da gari ya waye ta tura masa bokiti. "Tashi. Ita akuya ba ta san kana da tarihi ba."

Karo na uku ya tashi ya tsaya a ƙarƙashin katakon, hannunsa a sama, ya daɗe a haka. Marlys ba ta ɗago kai daga tukunyarta ba. Can sai ya sauke hannun, ya ɗauki bokiti ya fita wajen awaki.

Da ruwan sanyin shekarar ya fara sauka, Lyle ya gangaro zaman Lahadi da cuku a ƙunshe. Ya rame, amma idonsa ya washe. Ya ajiye cukun a gaban Corinne. Gideon ya dubi Marlys.

"Ashe dai kin zubar da abin."

"Nawa ne da zan zubar?"

"Yana nan," in ji Lyle. "Kullum da safe ina ganinsa."

Corinne ce ta yanki cukun, ta fara ba 'yarta.

Dokar nan ba a sake tayar da ita ba. Marlys ta tsufa a saman tudun, ta koma miƙa ludayi gaba ba tare da ta ce komai ba. Da gwiwoyinta suka gaza, Lyle ya karɓi garken. Bayan rasuwarta ya ci gaba da zama a bukkar, kuma duk ranar shara yakan sauko da gwangwanin, wanda tsatsa ta riga ta like murfinsa, ya goge masa ƙura ya mayar da shi inda ta ajiye.