Kwanon Yaya

A gidanmu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani kwanon samira mai murfi da na tsana kamar me. Na yayana ne, soja, wanda aka tura yaƙi wata ƙasa can bakin teku tun ana mulkin soja. Da farko mukan ji labarinsa a bakin waɗanda suka zo hutu. Daga baya sai shiru, ba mu san ko yana raye ba.

Amma kullum da yamma in Mama ta tuƙa tuwo, kwanonsa take fara cikawa. Ta rufe, ta ɗora hannu a kan murfin ta ce, "Ya Yesu, inda idona bai kai ba, naka ya kai. Ka riƙe mini shi." Da safe ta ɗumama, ta ba ni in kai wa Hajiya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke zaune ita kaɗai. Ni ce mai kaiwa, ni ce mai wankewa, ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba.

"Mama, mutumin da ko duriyarsa ba a ji, shi ake zuba wa tuwo?"

"Ba a zuba wa matacce tuwo," in ji ta. "Ni kuwa na zuba."

Har matan zumunta na cocinmu sun fara sassauta murya in an ambace shi. Abin na ci mini rai, don ni ma a ɓoye na fara fid da tsammani.

Da farar hula suka karɓi mulki, gari ya ɗauka cewa za a dawo da sojoji gida. Daga Tarauni har bakin layinmu kowa ya zama masanin siyasa, mai shayi ma sharhi yake. Mama kuwa sai ta ƙara man shanu a miyar kwanon.

Wata safiya na fito da ɗumamen Hajiya, ina tafe ina ƙunƙuni, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gidanmu. Wani dogo ya sauko, baƙi wuluk, ramamme, da jaka a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi. Na wuce shi abina.

"Ke, mai bakin tsiya, ina za ki kai mini kwano?"

Wayyo! Duk duniya mutum ɗaya ke kirana haka. Na kurma ihun da ya fito da layin gaba ɗaya. Ina tsalle, ina kuka, ina dariya, miya na zubo mini a hannu, amma ban saki kwanon ba. Mata suka leƙo, wata ta rangaɗa guɗa, mai shago ya bar ciniki ya rungume shi yana "Alhamdu lillahi, soja ya dawo!" Hajiya ta fito ba takalmi.

Mama ce ƙarshen fitowa. Ta tsaya ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, ta duba ƙafar da ke ɗingishi. Ya ce harsashi ne, ya shiga ya fita bai taɓa ƙashi ba. Nan ta durƙusa a ƙasa, gaban kowa, ta ɗaga hannu sama. "Na gode, Ubangiji. Ka riƙe shi, ka kuma kawo shi."

Hajiya na share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To, maman soja, ni kuma ɗumamena fa?"

"Naki na nan, Hajiya, gobe a sabon kwano."

Sai Mama ta juyo gare ni, ta dubi kwanon da ke hannuna.

"Mayar da shi ciki. Mai shi ya zo."