Hannun da Ya Taɓa Dodon Koɗi

Shekarar da auduga ta yi mana kyau a Malumfashi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, mu uku muka shirya zuwa Gana saro goro: ni, da wani tela abokina tun na yarinta, da ɗan'uwansa mai shiru-shiru. Tun kafin mu hau mota a Funtua tela ya cika jaka da dakuwa da kilishi, ya ce shi ba zai sa wa cikinsa abin da bai san asalinsa ba. Na ce masa to ya koma ya ɗauko rijiyar gidansu ma.

Guzurin bai kai mu ko'ina ba. Saura kaɗan mu shiga Kumasi motar ta mutu a wani ƙauye cikin kurmi. Direba ya tafi neman mai gyara, mu kuma muka zube a gindin bishiya, yunwa na cinmu. Wata tsohuwa mai gida a bakin hanya ta daɗe tana kallonmu. Ba ta jin Hausa, mu ma ba ma jin yarenta. Can sai muka ji daka. Da la'asar ta fito da ƙaton kwano: rogo da agade kirɓaɓɓu sun yi sulɓi, cikin jar miyar manja, ga dodon koɗi manya-manya, baƙaƙe, an zare su daga ƙwansonsu.

Tela ya ja da baya, ya toshe hanci da bakin rigarsa, a gaban matar. Ta gani sarai. Sai ta gutsiri loma ta haɗiye don mu san ba guba, ta tsaya tana duban fuskokinmu.

Ni na san wannan tsayuwar. Ubana Bamaguje ne, sai da na zama saurayi na musulunta. Na sha ganin baƙi sun sauka gidanmu, uwata ta tuƙa tuwo ta kai musu, su ce sun ƙoshi. Takan dawo da kwanon yadda ta kai shi, ta zauna bayan rumbu ita kaɗai. Da na tuna haka raina ya ɓaci ƙwarai, na janyo ruwan wanke hannu.

"Wallahi in ka sa hannu a kwanon nan," in ji tela, "ba ka ƙara sa shi a akushina."

Ba ƙaramar magana ya yi ba. A unguwarmu kowane magidanci yakan fito da tuwonsa ƙofar gida bayan magariba a haɗa a ci tare. Wurin ciyayyar nan ake jin wa zai yi gayya, wa ke neman iri, wa aka yi wa haihuwa. Wanda aka ware daga ciki, kusan an fitar da shi daga unguwar ne.

Na yi bismilla na kai loma. Dodon koɗin da ɗan tauri, kamar ƙundun kaza, miyar kuwa ta ji barkono. Na ci har na suɗe yatsu, na miƙa wa tsohuwar kwano ta ƙaro. Ta yi dariya har da tafi. Abokan tafiyata suka juya mini baya, kuma har muka gama sarin goro muka dawo, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Labari ya riga ni shiga unguwa. Ranar da na fito da tuwona, ina wanke hannu tela ya janye akushinsa gefe, sauran suka bi shi. Dattijon unguwarmu, wanda ba ya son rigima, ya gyara murya.

"Malam, ai abin mai sauƙi ne. Babu wanda ya ce ka ci haram, ƙyama ce kawai ake yi. Ka ce ba ka san abin da ke cikin miyar ba, yunwa ce ta rufe maka ido. Shi ke nan, a wuce wurin."

Na dubi tela. Ya sunkuyar da kai, yana wasa da murfin akushi. Na san so yake in faɗa, don shi ma rabuwar ta dame shi. Amma in na faɗi haka, na mai da abincin matar nan ƙazantar da sai a ruɗe ake ci.

"Baba, na sani," na ce. "Da idona na gani, na ci, na nemi ƙari. Kuma ya yi daɗi."

Na ɗauki akushina na koma ƙofar gidana, na ci tuwona ni kaɗai suna kallo. Haka na yi ta yi. A hankali wasu suka riƙa dawowa wurina, amma ban da tela. Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan. Muna gaisawa, shi ke ɗinka wa iyalina kayan salla, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Hannunmu dai bai ƙara haɗuwa a kwano ɗaya ba, kuma abin yana cin raina har yau. Duk da haka, da za a sake ajiye mini miyar nan a gabansa, da na sake wanke hannu.